Amsa ga 'yata game da kacau-kacau da kunyar ɗan fari

'Yata, saƙonki ya iso ni. Kin ce ɗanki na fari ya ƙwallafa rai a kan wani kacau-kacau, ba ya yarda a raba shi da shi ko da zai yi barci, ke kuwa kina zama kina kaɗa masa kina dariya, har surukarki ta ce ba ki da kunya. Kina tambaya ko al'adarmu ta hana uwa jin daɗin wasan ɗanta.

Ba ta hana ba, amma surukarki ma ba ƙirƙirar maganar ta yi ba. Kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa tawai a gaban manya, kuma idan ya yi abin sha'awa sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ana yin haka ne domin a nuna cewa yaron na dangi ne gaba ɗaya, kuma domin a bar wa kakanni fili su yi nasu wasan da shi. Shi ya sa a da kaka ce take samo ɗan ƙaramin duma, ta zuba tsakuwa a ciki, ta toshe bakinsa ta miƙa wa jariri, kuma galibi wurinta ake kai shi yaye idan ya kusa shekara 2. Uwar tana jin daɗin nan duka, sai dai a ɗakinta take nuna shi.

A addini kuwa babu laifi ko kaɗan. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Saboda haka ki yi wasanki da shi a ɗakinki yadda ranki yake so. Idan surukarki ta shigo, ki miƙa mata kacau-kacau ɗin ta kaɗa masa da kanta, domin ina kyautata zaton abin da ya sosa mata rai shi ne an shige mata gaba a aikin da take gani nata ne. Inda nake goyon bayan manya sosai shi ne a guji yawan sa hotonsa a WhatsApp, domin ba kowane mai kallo ne yake cewa tubarkalla ba.

Ki kuma riƙa duba kacau-kacau ɗin kullum, ki wanke shi, tunda komai baki yake kai wa a wannan lokaci. Da zarar ya tsage ki ɗauke shi, kada tsakuwar ciki ta shaƙe shi. Ki gaishe mini da maigidanki da surukar taki.