Aikin injiniyan lantarki mai zana kwamfutar saba, da hanyar shigarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen injiniyancin lantarki na Jami'ar Bayero. Na ji an ce masu karatu irin namu ne ke zana manyan kwamfutocin da Google da Facebook ke ajiye bayanai a cikinsu, ni kuwa na ɗauka aikin 'yan kimiyyar kwamfuta ne. Mene ne ainihin aikin? Kuma wanda ya yi karatu a nan gida yana da hanyar shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. 'Yan kimiyyar kwamfuta su ke rubuta manhajar, amma ƙarfen da take hawa, wato saba, ko uwar garke kamar yadda wasu ke kiranta, aikinmu ne. Ba mu muke ƙera furosesa ba, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ana sayo ta ne daga Intel ko AMD. Namu shi ne allon da za ta zauna a kai, abin da masu gyaran waya ke kira fanel, da duk abin da zai ciyar da ita wuta, ya haɗa ta da memori da sauran sassa.

Bari in fara da wuta, don nan ne karatunka na aji biyu zai dawo maka. Furosesar saba ta yanzu tana iya cin wat 400, amma a kan bolt ɗaya ko ƙasa da haka take aiki. Raba ka gani: amfiya 400 ke nan, cikin abin da bai fi tafin hannu ba, alhali mitar gida mai layi ɗaya ba ta wuce amfiya 100. A irin wannan kwarara, idan tagullar da ke tsakanin mai rage wuta da furosesa tana da turjiyar kashi ɗaya cikin dubu na om kawai, ka yi asarar bolt 0.4, kuma wat 160 sun zama zafi a banza. Shi ya sa ake jera masu rage wutar dab da furosesa, a shimfiɗa tagulla hawa-hawa a cikin allon, wanda kan kai hawa goma sha wani abu ko ma fiye da ashirin. Wannan lissafi ne kuma ya sa Google ya kawo tsarin rarraba bolt 48 a madadin 12 lokacin da ya shiga Open Compute Project, ƙungiyar kamfanonin da ke musayar zanen saba a fili, a 2016: kwarara ta ragu sau huɗu, asara ta ragu sau goma sha shida.

Sai sigina, wadda a ganina ita ta fi cin rai kuma ta fi daɗi. Hanyar PCIe, wadda ke haɗa furosesa da sauran sassa, ƙarninta na biyar yana tura bayani sau biliyan 32 a daƙiƙa a kan layi ɗaya. Da wannan gudu, tsawon kowane bit, wato ƙwayar bayani ɗaya, a kan allo bai wuce milimita 5 ba. A nan zaren tagulla ya daina zama waya, ya koma layin aika igiyar lantarki irin wanda ake koya muku a darasin maganadisu, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawa kawai. 'Yar huda ɗaya, cikin masu haɗa hawa da hawa a allon, da ta yi tsawo fiye da kima sai ta mayar da sigina baya, ta ɓata ta. Na taɓa kwashe kusan mako uku ina bin wata matsala da ba ta bayyana sai injin ya ɗau zafi, ashe wasu kafasitoci ne aka ɗan nisanta daga inda ya kamata. Ranar da na gan ta a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina, har sujudar godiya na yi.

Ranakun aiki kuwa yawanci zanen da'ira ne, da zama da mai shimfiɗa allo, da musu da injiniyan sanyaya kan inda fanka za ta hura, don siririn akwatin saba kaurinsa bai wuce milimita 44.45 ba kuma kowa na neman wuri. In allon farko ya iso daga masana'anta, a nan ake kwana a ɗakin gwaji. Daga fara zane zuwa fitar kaya kasuwa sai a haura shekara.

Game da hanyar shiga, ba zan ɓoye maka ba: ba a nan ake wannan zane ba. Kamfanoni irin Dell da HPE da Supermicro a Amurka suke, Lenovo a China, kuma babban kaso na aikin yana hannun kamfanonin Taiwan irin Quanta da Wiwynn da Inventec. Abin da muke da shi a Najeriya shi ne cibiyoyin adana bayanai, kamar Rack Centre a Legas da Galaxy Backbone a Abuja, inda ake buƙatar injiniyan wuta da sanyaya. Aiki ne mai kyau, kuma a can za ka buɗe saba ka gan ta da idonka, sai dai kula da ita daban, zana ta daban. Mai son zane yakan bi ta digiri na biyu a waje, a fannin lantarkin sarrafa wuta ko na sigina mai gudu.

Amma kada ka jira biza kafin ka fara. Open Compute Project, wanda Facebook ya kafa a 2011, yana sakin bayanan zanen saba kyauta, ka sauke ka karanta ko da rabi za ka gane. Manhajar zanen allo ta KiCad ma kyauta ce. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka zauna wurin mai gyaran fanel na wata biyu a lokacin hutu, hannunka ya saba da dalma da mita, don a wurin ɗaukar aiki nan da nan ake gane wanda ya taɓa ƙona yatsa. Sannan ka zana ƙaramin allo mai rage bolt 12 zuwa 3.3, ka aika a buga maka, ka liƙa kayan da kanka, ka kai shi ɗakin gwajin sashenku ka auna yadda wutar ke rawa idan ka ɗora mata kaya. Ka rubuta abin da ka yi tsammani da abin da ka gani, ka turo mini mu duba tare.