Tambayi Likita: Rawar Ido, Fizgar Kafaɗa da Wahalar Legas

Tambaya: Likita, kwana huɗu ke nan fatar idona tana rawa. An ce baƙo zan yi. (Mai shago, Obalende)

Amsa: Baƙon naka gajiya ce, Malam. Rage goro da shayin dare, ka samu barci. In ta haura mako uku ko ta fara jan gefen fuska, je asibiti.

Tambaya: Maigidana shekarunsa 34. Tun yana yaro yake yawan ƙifta ido da gyaran murya, da ya girma abin ya lafa. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja a 2022 sana'arsa ta tsaya, ga kuɗin haya, sai abin ya dawo, har kafaɗa yake fizgewa. Dangi sun ce iska ne, aka kai shi wurin mai magani, ya turara masa barkono, ya zane shi da bulala. Abokansa kuma suna ba shi tiramol. (Uwargida, Agege)

Amsa: Hajiya, barkono da bulala fa! Mutum yana fama da talauci, a ƙara masa da duka? A daina yau.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da larurar Turet, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1885. Daga ƙwaƙwalwa take, a sashen da ke tace motsin jiki. Ba hauka ba ce, ba farfaɗiya ba. Takan fara wajen shekara 5 zuwa 7, ta yi tsanani wajen 10 zuwa 12, sannan ta lafa. Ta fi kama maza, kuma tana bin jini a wasu gidaje. Ga wasu ba ta tafiya gaba ɗaya, kwanciya take yi, damuwa da rashin barci su tashe ta. Wanda maigidan haya ke buga wa ƙofa da asuba, ina zai ga barci?

Tambaye shi, zai gaya miki kafin fizgar yana jin wani abu na taruwa a wurin, kamar atishawa na tahowa. Yana iya dannewa na ɗan lokaci, a masallaci ko gaban baƙi, amma da ya shigo ɗaki sai ta ɓalle. Shi ya sa "kai, daina mana" ba ya aiki. Zura masa ido ƙara ta yake yi, tsoron bulala kuma ya fi komai. Lura da shi in ya duƙufa gyaran babur, sau da yawa za ki ga ta ragu.

Tiramol kuwa yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kuma sabo mai wuyar bari. In ya daɗe yana sha, likita ne zai yaye shi a hankali. Ban hana addu'a ba, ku yi, amma ku je asibiti. Akwai asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja kusa da ku, akwai na LUTH a Idi-Araba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san abin da mutane ke cewa in an ambaci Yaba, kar ya hana ku. Ana koya wa mutum gane alamar tun tana tahowa, ya tare ta da wani motsi. In abin ya yi yawa akwai magunguna, amma kar a saya a kemis da ka. In kika ga ya daina cin abinci, ko yana cewa ya gaji da duniya, kar ki jira gobe.

Tambaya: Ana ɗaukar larurar Turet daga wani? Maƙwabcina yana da ita. (Mile 12)

Amsa: A'a. Ku ci gaba da cin kwano ɗaya.

Tambaya: Babana shekara 58, bai taɓa yi ba, sai makon jiya hannunsa na hagu ya fara fizga. (Alaba Rago)

Amsa: Wannan daban ne. Turet kafin shekara 18 take farawa. Fizgar da ta faro wa dattijo rana tsaka, a gefe ɗaya, tana iya zama shanyewar ɓarin jiki, hawan sukari ko illar wani magani. Kwashi duk magungunan da yake sha a leda, ku tafi asibiti yau.