Ninka ƙwayar maganin ciwon damuwa

Malama, kin tambaya ko za ki ninka ƙwayar fluoxetine da likita ya rubuta miki a nan Katsina, tunda kwana goma ba ki ji sauƙi ba. Kada ki ninka, domin maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin amfaninsa ya bayyana, kuma miligiram 20 a rana yana wadatar da mutane da yawa.

Lokacin da nake jinyar ƙanwata na lura illolin suna riga amfanin zuwa, musamman tashin zuciya da rashin barci, kuma ƙarin ƙwaya yakan tsananta su fiye da yadda yake ƙara sauƙi. Idan mako 6 ya cika babu canji, likita ne zai ƙara ko ya sauya. Amma idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki koma asibiti a ranar.