Ya ci gwanjo, ya dawo da zagi da barazana: me mai sayarwa zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Birmingham, a Ingila, ina kuma ɗan taɓa sayar da tsofaffin wayoyi a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, don rage hidimar gida. Makon jiya na sa wata iPhone a gwanjo, wani ya ci a kan fam 310, na aika masa. Bayan kwana biyu ya rubuto cewa batirin ba ya riƙe caji, in mayar masa da fam 100, in ba haka ba zai rubuta mini mummunan sharhin da zai kashe min kasuwa. Alhali na rubuta ƙarfin batirin ƙarara a cikin tallar, har da hoto. Na ce ya dawo da wayar in ba shi kuɗinsa duka, ya ƙi, sai zagi har da iyaye. Jiya ya rubuto wai adireshina na nan a jikin kwalin, za mu haɗu. Maiɗakina ta ce in ba shi kuɗin kawai mu huta. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya tsare ka da iyalinka. Na fahimci tsoron maiɗakinka, kuma ba laifinta ba ne, amma kada ka ba shi ko kwabo. Wanda ya karɓi fam 100 da barazana ya gano ƙofa ce a buɗe, kuma biyan ba zai hana shi rubuta sharhin ba.

Abu uku ne suka cakuɗe a saƙonninsa, kowanne da inda ake kai shi.

Ƙorafin batiri haƙƙinsa ne ya yi, ko da kai kake da gaskiya. A ƙa'idar eBay mai saye yana da kwana 30 daga isar kaya ya nemi mayarwa in yana ganin ba abin da aka tallata ba ne aka kawo masa. In ya buɗe wannan buƙata, kana da kwanakin aiki uku ka amsa. Kada ka bari su wuce don fushi, domin in ka yi shiru kamfanin na iya shiga ya yanke hukunci ba tare da ya ji ta bakinka ba. Amma ka lura da abin da ya faru: ka ce ya dawo da wayar, ya ƙi. Wanda aka cuta da gaske kuɗinsa yake so. Wanda ya riƙe waya yana neman ragi bayan ciniki ya faɗa, wayar yake so a farashin da bai ci gwanjon da shi ba. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar waya kuwa an san batirinta ya sha aiki, ballantana ka rubuta.

Na biyun shi ne "ba ni kuɗi ko in ɓata maka suna", kuma a nan ne mutumin ya ɗaure kansa da bakinsa. Tun 2008 eBay ya hana masu sayarwa rubuta mummunan sharhi a kan masu saye. Wannan ya sa masu saye suka daina tsoron ramuwa, abu mai kyau, amma ya kuma ba wasu marasa tsoron Allah sanda a hannu. Saboda haka kamfanin yake da doka a rubuce da ta haramta amfani da sharhi wajen tatsar mai sayarwa, wato a nemi kuɗi, ragi ko ƙarin kayan da ba sa cikin tallar da sharaɗin in ba a bayar ba za a ɓata suna. Akwai shafin kai ƙarar mai saye. Ka shiga, ka zaɓi wannan ciniki, ka bayyana ranar da ya turo saƙon. In ya rubuta sharhin daga baya, ka nemi a cire, ka nuna wannan saƙon. Sharhin da ke ɗauke da ashar ko bayanan sirrin mutum ma ana cire shi.

Sai dai duk wannan ya dogara ne a kan abu guda: maganar ta kasance a cikin akwatin saƙon eBay. Ma'aikatansu suna iya buɗe wannan akwati su karanta da idonsu. Abin da aka faɗa a WhatsApp ko a kiran waya kuwa, maganarka ce da tasa. Shi ya sa irin waɗannan mutane ke son cewa "turo lambarka mu daidaita". Kada ka tura. Kada kuma ka mayar da kuɗi ta banki kai tsaye, don a idon kamfanin kamar ba ka biya komai ba ne.

Ga abin da na fi jin tsoro a kanka, domin na sha ganin ya kayar da masu gaskiya: ramuwar zagi. An taɓa iyayen mutum, jini ya hau, ya mayar da martani layi biyu, shi ke nan wanda zai duba ƙarar sai ya ga mutum biyu suna faɗa. Ka rubuta masa saƙo ɗaya tak, a sanyaye: an bayyana yanayin batirin a tallar, in bai gamsu ba ya buɗe buƙatar mayarwa, za a biya shi da zarar wayar ta iso, kuma ba za ka sake amsa saƙon zagi ba. Daga nan ka yi shiru, ka sa sunansa a jerin waɗanda ka toshe don kada ya sake taya kayanka. Toshewar ba lallai ta hana shi rubuto maka a kan wannan cinikin da ya riga ya gudana ba, kada abin ya ba ka mamaki.

Na ukun, maganar adireshi, ta fi ƙarfin eBay. Wannan aikin 'yan sanda ne. Ka ɗauki hoton kowane saƙo yadda suna da rana da lokaci za su fito, ka kira 101, lambar da ake kira a Ingila in ba gaggawa ba ce, ka karɓi lambar rahoto ka ajiye. In ka ga wani yana shawagi a ƙofar gidanka, 999 za ka kira nan take. Dokar hana tsangwama ta 1997 tana aiki in an maimaita abin sau biyu ko fiye, kuma dokar tsaro a intanet ta 2023 ta mayar da aika saƙon barazanar kisa ko mummunan rauni laifin da ɗaurinsa kan kai shekara biyar. 'Yan sandan ne za su auna inda maganarsa ta faɗa. Yawancin masu irin wannan cika baki a bayan waya suke ƙarewa, amma ba da ranka da na iyalinka za a gwada ba. Kada ka ce kai baƙo ne ka ji nauyin kai ƙara. Dokar ta rufe ka kamar yadda ta rufe ɗan ƙasa.

In ya dawo da wayar, ka buɗe kwalin kana ɗaukar bidiyo, ka danna *#06# ka duba lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, ko ta wayar da ka aika ce. Musanya waya da matacciya tsohuwar dabara ce. Nan gaba ka riƙa ɗaukar hoton wannan lamba kafin aikawa, ka kuma yi amfani da aike mai lambar bin sawu da sa hannun mai karɓa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni a Kano nake, ina yin gwanjon atamfa da leshi a zauren WhatsApp duk daren Juma'a. Wata ta taya leshi har ta ci, kwana biyar ba ta biya ba, na sayar wa wadda ke bin ta. Yanzu tana turo min saƙon murya na cin mutunci, ta ce za ta sa hotona a Facebook da TikTok ta ce ni 'yar damfara ce, kuma wai ta san unguwarmu.

Amsa: Barka kadai Hajiya, Allah Ya sa albarka a kasuwa. Halinki ya bambanta da na ɗan'uwanmu na sama, domin a WhatsApp babu wani kamfani da ke tsakaninku a matsayin alƙali. Ke ce dillaliya, ke ce mai kaya, don haka hujjarki ita ce garkuwarki.

Kafin ki toshe ta, ki adana komai. WhatsApp yana ba mutum kimanin kwana biyu ya goge saƙon da ya aika daga wayar kowa, saboda haka yau ɗin nan ki tura saƙonnin muryar zuwa wata waya, ki ɗauki hoton rubutattun, ki kuma shiga cikin hirar ki zaɓi fitar da ita gaba ɗaya zuwa imel ɗinki. Ki haɗa da saƙon da ta yi tayin da wanda kika tuna mata biya. Bayan nan ki kai rahotonta ta cikin manhajar. Yin haka yana tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe da ta aiko. Sai ki cire ta daga zauren.

Kada ki riga ta zuwa Facebook ki tona ta. In kika sa hotonta da lambarta, kin ba ta abin da za ta kai ki ƙara da shi. Layi biyu a zaurenki sun isa: an ci kaya, ba a biya ba, an sayar wa ta biyu. Kwastomominki sun ga gwanjon da idonsu.

In wata ce ta shigo da ita zauren, ki fara kai maganar wurin wadda ta shigo da itan. Sau da yawa a nan garin magana kan mutu a hannun wanda ake jin kunyarsa. In ta ci gaba, musamman maganar unguwa, ki je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da maigida ko wani babba, da hujjojin a waya da kuma a takarda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da kan kai shekara goma ga wanda ya aika saƙon da ya jefa wani cikin tsoron kisa ko rauni.

Kafin Juma'a mai zuwa, ki rubuta ƙa'idar gwanjonki ki maƙala ta a saman zauren: wadda ta ci tana da awa 24 ta biya, in ta wuce kaya na ta biyu ne, sabuwar shiga sai ta ajiye kafin alƙalami, ba a sakin kaya da hoton rasit sai kuɗi ya bayyana a manhajar bankinki. Masu zuwa karɓar kaya kuma ki riƙa haɗa su da ɗan aike ko wani shago a bakin titi, ki daina ba da kwatancen gida.