Tambayoyi da Amsoshi: Ina Ake Wanke Fim ɗin Super 8, Kuma Yaya Ake Mayar Da Shi HD?

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar kyamarar Super 8 na ɗauki hawan sallah da katirij biyu na Kodak Vision3 50D. Masu wankin hoto a nan Zariya sun ce ba aikinsu ba ne. Ina zan kai, kuma me zan ce a yi mini don in samu bidiyon HD?

Amsa: Masu wankin hoton sun yi maka gaskiya, kuma sun kyauta da ba su gwada ba. Injinsu na fim ɗin hoto ne, da sinadarin da ake kira C-41 yake aiki, naka kuwa fim ɗin sinima ne mai buƙatar wani wankin daban da ake kira ECN-2. Faɗinsa milimita 8 ne kacal, tsawonsa mita 15, injinsu ba shi da hanyar jan sa. Ban da haka, yawancin Vision3 da ke hannun mutane yana da wani baƙin shafi a bayansa wanda sai an cire shi kafin wanki, in ya narke a injin da ba nasa ba sai ya ɓata fim ɗin da sinadarin gaba ɗaya.

Aiki biyu ne a gabanka, kada ka haɗa su a ka. Na farko wanki, na biyu sikanin, wato na'ura ta kwafi hotunan fim ɗin ta mayar da su bidiyon kwamfuta. Wanki sau ɗaya ake yin sa, in an ɓata shi an gama. Sikanin kuwa ko bayan shekara goma kana iya sakewa muddin fim ɗin yana hannunka. Don haka wajen zaɓen wurin wanki ne ba a neman araha.

Duba jikin katirij ka ga sunan fim ɗin, shi ne zai gaya maka wankin da ya dace. Vision3, ko 50D ne ko 200T ko 500T, ECN-2 ne, kuma nagatif yake fitowa, wato haske da launi a juye, ba ka iya kallonsa a majigi sai an yi sikanin. Ektachrome 100D wankinsa ana kiran sa E-6, yana fitowa da launinsa na gaskiya. Tri-X baƙi-da-fari ne, wankinsa daban. Ba kowane wuri ke yin duka ukun ba.

Wuraren da aka sani da wannan aiki a Turai da Amurka suke. Akwai Andec Filmtechnik a Balin ta Jamus, da Pro8mm a Burbank ta jihar Kalifoniya, da Cinelab a jihar Masachusets. Kafin ka tura komai, rubuta musu imel ka faɗi sunan fim ɗin da adadin katirij, ka tambaya ko suna karɓar saƙo daga Najeriya, nawa ne kuɗin dawo da shi, kuma ranar yaushe suke wanki, domin da yawansu tara fim suke yi su wanke sau ɗaya ko biyu a mako.

A wajen sikanin, ka nemi a yi shi firam-firam, wato kowane hoto a ɗauke shi shi kaɗai. Katirij ɗaya yana da firam kusan 3,600, minti 3 da daƙiƙa 20 ke nan in ka ɗauka a gudun firam 18 a daƙiƙa, ko minti biyu da rabi a gudun 24. Lallai ka gaya musu gudun da ka sa kyamararka. In ka ɗauka a 18 aka kunna a 25, za ka ga dawakai suna sauri kamar ana korar su, mutane suna tafiya a guje.

Sai siffar hoton. Super 8 huɗu-bisa-uku ne, wato faɗi huɗu tsayi uku, HD kuwa ɗigon hoto 1920 ne a faɗi da 1080 a tsayi, ya fi faɗi. Daidai shi ne hotonka ya zauna a tsakiya, 1440 da 1080, da baƙi a gefe biyu. Wasu sukan yanke sama da ƙasa don ya cika allo, a nan ne rawunan mahaya ke tafiya. Ka ce kada a yanke. In ma kana so, akwai sikanin da ke nuna har hudar gefen fim, kai ka yanke da kanka a kwamfuta.

Firam ɗin bai kai milimita 6 a faɗi ba, saboda haka HD ko 2K ya wadatar ga yawancin aiki. 4K, wanda ya fi su yawan ɗigon hoto, yana fito da ƙwayoyin fim ɗin sosai, wato ƙananan ɗige-ɗigen da suka haɗa hoton, amma a ganina kuɗin da za ka ƙara gara ka sa shi a gyaran launi. Nagatif yakan fito a kwance, launinsa a dushe, da gangan ake barin sa haka don mai gyara ya samu abin aiki. In ba ka iya gyaran launi ba, ka biya su yi, kuma ka tambaya ko saiti ɗaya za su yi wa naɗin duka ko kowane fage da nasa.

Fayil biyu za ka karɓa: babban fayil ɗin bidiyo nau'in ProRes 422 HQ na ajiya da tacewa, wanda a HD yake cin kusan gigabait 1.3 a minti, da ƙaramin MP4 na turawa a waya. In MP4 kaɗai suka ba ka, matsewar da aka yi wa fayil ɗin ta riga ta cinye ƙwayoyin fim ɗin, in ka zo gyara sai hoton ya riƙa farfashewa. Kuma ka rubuta ƙarara cewa a dawo maka da nagatif ɗinka.

Turawa ita ce wurin haɗari. Fim ɗin da ba a wanke ba yana jin zafi kuma yana jin na'urar hasken binciken kaya, musamman sababbin na'urorin CT na filayen jirgi. Kafin lokacin turawa, sa katirij a leda mai zif ka ajiye a firij, in ka fito da shi ka bar shi wasu sa'o'i kafin ka buɗe ledar don kada raɓa ta kama shi. Ka yi amfani da kamfanin aike mai lambar bibiya, ka rubuta da Turanci a jikin kunshin cewa fim ne da ba a wanke ba, kada a haska shi. Rubutun roƙo ne kawai, ba tabbas ba ne. In akwai matafiyi amintacce, ya riƙe a jakar hannu ya nemi a duba da hannu, ya kuma guji sa shi a babban akwati.

Tambaya: Assalamu alaikum. A akwatin marigayi mahaifinmu mun samu ƙananan faifan fim bakwai da katirij ɗaya mai rubutun Kodachrome 40. Wasu faifan suna warin tsami. Za a iya ceto su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Faifan da kike ganin hotuna a jikinsu in kin ɗaga su a haske an riga an wanke su, sikanin kawai suke buƙata, kuma na'urar filin jirgi ba ta yi musu komai. Ki duba hudojin gefe: in manya ne, tsohon 8mm ne wanda ya fito a 1932, in ƙanana ne, Super 8 ne na 1965 zuwa sama. Faifai mai faɗin inci 3 ƙafa 50 ne, mai inci 5 ƙafa 200, mai inci 7 ƙafa 400, kuma da ƙafa ake lissafin kuɗi. In kin ga siririn layi mai ruwan ƙasa a gefen fim, akwai murya a kai, ki gaya musu, domin ba kowace sikana ke karanta ta ba.

Warin nan irin na khal alama ce cewa robar fim ɗin ta fara ruɓewa, zafi da laima ke jawo shi. Ba ya warkewa, sanyi ne kawai ke rage masa gudu. Ki ware masu wari daga sauran yau ɗin nan, su ne kuma za a fara turawa. Irin wannan fim yakan tsuke ya lanƙwashe, hudojinsa su daina dacewa da haƙoran majigi, in aka sa shi sai ya yage. Ki nemi wurin da sikanarsu ba ta da haƙora, da naɗi mai laushi take jan fim. In kin ga fumfuna kada ki sa ruwa ko ki goge, gefen da hoton yake ya riga ya yi laushi, zai bi tsumman.

Katirij ɗin kada a buɗe shi. In kin ga kalmar EXPOSED a ɗan fim ɗin da ke leƙowa ta tagarsa, an ɗauke shi har ƙarshe. Wankin Kodachrome mai launi, K-14, ya ƙare a duniya bayan Dwayne's Photo a jihar Kansas ta daina karɓa a ƙarshen 2010. Yanzu baƙi-da-fari kawai ake iya fitarwa, kuma bayan shekaru a zafin ƙasarmu hoton zai iya yin hazo ko ya ƙi fitowa. Film Rescue International a Kanada sun ƙware a irin wannan tsohon fim. In kuma a faifan akwai abin tarihi, kamar naɗin sarauta ko tafiyar alhazan da, yana da kyau ki sanar da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya a Jos.

Tambaya: Ba zan iya haska fim a bango in ɗauka da waya ba?

Amsa: Za ka iya, don ka ga abin da ke ciki ka zaɓi wanda ya cancanci kuɗin sikanin. Amma hoton zai riƙa ƙyaftawa saboda gudun majigi da na waya ba su zo ɗaya ba, tsakiya ta yi haske gefe ya yi duhu. Ka kulle haske da fokas a wayar, ka kafa ta dab da majigin. Ka fara gwada majigin da fim ɗin da ba ka damu da shi ba, domin in fim ya tsaya a gaban fitila, cikin daƙiƙu kaɗan firam ɗin zai narke.