Wane ne Thom Bell, kuma mene ne aikinsa a kiɗan soul?

Ɗan'uwa, ka ce kana yawan ganin sunan Thom Bell a bayan tsofaffin faya-fayen soul, wato wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, amma ba ka san aikinsa ba. To, mai tsara kiɗa ne kuma marubucin waƙa. Shi ke yanke inda goge zai shigo, da inda ƙaho zai amsa, da inda kowa zai lafa a bar muryar mawaƙi ita kaɗai.

An haife shi a 1943, ya tashi a Filadelfiya ta Amurka, ya koyi fiyano na kiɗan gargajiyar Turawa tun yana yaro. Wannan horon ne ya shigo da shi soul. Saurari "La-La (Means I Love You)" ta ƙungiyar mawaƙa ta Delfonics, ta 1968, ka ji yadda gogunan ke lulluɓe siririyar muryar William Hart, jagoran mawaƙansu, ba tare da sun danne ta ba. Wallahi har yau tana taɓa ni.

Shi da marubuciyar waƙa Linda Creed sun rubuta wa ƙungiyar Stylistics waƙoƙi, sannan ya farfaɗo da ƙungiyar Spinners a 1972. A 1975 ya zama na farko da ya karɓi lambar yabon kiɗa ta Grammy ta furodusan shekara. Ya rasu a Disamba 2022.