Kishiyar Aikatau: Abin da Ke Haɗa "Borrow" da "Lend" Faɗa a Bakin Bahaushe

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina haddace aikatau na Turanci, wato kalmomin da ke nuna aiki, tare da kishiyoyinsu don in tara kalmomi. Na kusa cika littafi guda, amma da na buɗe baki sai su cakuɗe mini, musamman "borrow" da "lend". Ina matsalar take? Kuma daidai ne a ce "kishiyar kalma"?

AMSA: Yawwa 'yata, bari in fara da ta ƙarshen tunda ba ta da tsawo. Daidai ne. Kishiya daga kishi ta fito, masu nazarin harshe suka ɗauko ta suka laƙaba wa kalmar da ke adawa da 'yar'uwarta a ma'ana. Wasu sun fi son "akasi", wadda muka samo daga Larabci. Ni dai kishiya ta fi kwanta mini, don kishiyoyi gida ɗaya suke zaune: zafi da sanyi, hawa da sauka. Ba a yi wa zafi kishiya da tsawo.

To, sai batun cakuɗewa. Ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, Hausarki ce ke aiki a ƙarƙashin Turancin. A Hausa saiwa ɗaya kan ɗauki ma'ana da kishiyarta, ƙarshen kalma ko abin da ya biyo bayanta ne ke rarrabewa. "Na ari littafi", ni na karɓa. "Ara mini littafi", kai za ka bayar. Haka "na koyi karatu" da "koya mini karatu", haka "na sayi" da "na sayar". Turanci kuwa kowace fuska da kalmarta: borrow da lend, learn da teach, buy da sell. Shi ya sa za ki ji an ce "borrow me your pen". Wanda ya faɗi haka, Hausa ya yi, ya sa mata rigar Turanci. Abin da Bature zai faɗa shi ne "lend me your pen".

Wannan sauye-sauyen ƙarshen aikatau shi ne F. W. Parsons, wani masanin Hausa a Jami'ar Landan, ya tsara a shekarar 1960 ya kasa shi aji 7. Aji na 5 ne ke ba mu sayar, koyar, fitar, inda aiki ke barin mai yi ya nufi waje. Aji na 6, mai ƙarewa da wasalin "o", shi ke jawo aiki zuwa wurin mai magana: fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo. Dubi wannan ta ƙarshen da kyau, ita ce "take" da "bring" a Turanci, wasu kishiyoyin da su ma suke wahalar da ɗalibai.

Sai dai kada ki ɗauka Turanci ya fi mu tantancewa ko'ina. Mu mun raba aro da rance. Abin da aka ara shi ake mayarwa da kansa, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara, don mai shi na iya zuwa ya karɓe abinsa. Rance kuwa na abin da za a kashe ne a biya da madadinsa, kamar kuɗi. Turanci duka biyun borrow da lend yake ce musu.

Abin da ba na so a tsarin littafinki shi ne jera kalma ɗaya da kishiya ɗaya. Ɗauki lose. In wasa ne kishiyarta win, in abu ne ya ɓata find, in nauyin jiki ne gain. Mu ma haka "faɗi" take: wanda ya faɗi ƙasa tashi zai yi, wanda ya faɗi jarrabawa kuwa ci ne ya kuɓuce masa. Don haka ki riƙa rubuta kowace a cikin gajeriyar jimla, wadda za ta nuna wa ya bayar, wa ya karɓa.

Akwai kuma ɗafa-goshi, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, irin su un da dis, kamar a tie da untie, appear da disappear. Suna rage wahala, amma ba kowane aikatau ke karɓarsu ba. Ba a cewa "unopen the door", close ake cewa.

TAMBAYA: Malam, karin maganar nan "kowa ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci", wace kalmar Turanci ce ta dace da hau da sauka?

AMSA: Malam, ka kawo misali mai kyau, don karin maganar kan kishiyoyi biyu aka gina ta, kuma ambaton mota da tasha ya nuna ba ta tsufa sosai ba. Ma'anarta, mai bin son zuciya ƙarshensa kunya. Mu hawa ɗaya gare mu, ko doki ne ko bishiya ko mota. Turanci yana duba abin da aka hau: doki mount da dismount, bishiya climb up da climb down, ƙaramar mota get in da get out. Motar kwaɗayi kuwa, tunda tana da tasha kuma fasinjojinta da yawa, bas ce, sai ka ce get on da get off.